Saura Kaɗan, in ji Sinyo

Yayana malamin Sifaniyanci ne, a garin da ba mai buƙatar Sifaniyanci sai wanda yake shirin barinsa. Duk unguwarmu Sinyo ake ce masa, wato Malam a wancan yaren. Yara ne suka laƙaba masa sunan tun shekarar da ya dawo daga karatu da wata baƙar hula shimfiɗaɗɗiya, yana gaida mutane yana ɗan sunkuyar da kai. Yaran nan yanzu wasu sun yi furfura, hular ta daɗe da mutuwa, amma sunan yana nan daram. Ni dai Yaya nake ce masa, shi kuma Auta yake ce mini, ko da yake yau ina da jikoki, gwiwata ma ba ta son hawan bene.

Gidan da mahaifinmu ya bar mana bene ne mai hawa ɗaya. Yaya yana sama, ni ina ƙasa da shagona na zare da maɓalli da zif da allura. Tun da maigidana ya rasu, 'ya'yana kowa ya kama gidansa, na dawo ɗakin da ke bayan shagon. Tsakanin kaina da ƙafafunsa katako ne kawai, don haka duk abin da ya yi ina ji: jan kujera, tari, cire takalmi, har motsin cokali a kofi in titi ya yi shiru. Ba sa ido ba ne, ginin ne haka.

Ba koyarwa aka tura shi ya karanto ba. Yana saurayi ya samu tallafin karatu, aka kai shi wata ƙasa ta bayan teku ya koyi aikin injinan ruwa. Ya daɗe can. Yana shirin kama aiki sai ciwon Baba ya tashi, aka aika masa, ya tattaro ya dawo da niyyar da zarar jiki ya yi sauƙi zai koma. Jikin bai yi sauƙi ba, kuma ciwon bai yi gaggawa ba. Kafin ka ce me, shekaru sun ja, ya yi aure, an haifa masa ɗa, ya kama aiki a ma'aikatar ruwa, inda ba wanda ya taɓa tambayarsa da wane yare ya yi karatu. Abin da ya rage masa daga waccan tafiyar harshen ne kawai, da akwatin littattafai, da shan gahawa baƙa ƙirin ba sukari, wadda ni har gobe ban ga abin so a cikinta ba.

Ɗalibinsa na farko ɗansa ne, kuma shi kaɗai Allah ya ba shi. Tun yaron yana rarrafe uban yake masa wannan yaren. Suna cin abinci suna yi, suna gyaran famfo suna yi, su kwashe da dariya su biyu. Matar Yaya, Allah ya jiƙanta, takan ce, "Ku yi ta gulmata, ai Allah yana jin kowane yare." Yaron ya tashi bakinsa kamar a can aka yanke masa cibiya. Da ya gama sakandare, harshen nan ne ya buɗe masa ƙofar jami'a a wata ƙasa, ya tafi yana cewa da ya gama zai dawo. Ya gama, ya samu aiki, ya yi aure. Da farko waya ba ta yankewa, daga baya ta koma sai an ga dama. Ko rasuwar uwarsa, sai bayan an share makoki ya iso, bai kuma daɗe ba ya juya. Yaya bai taɓa zaginsa ba. In na fara sababi sai ya ce, "Auta, hanya na nuna masa, ya bi. Laifin wa?"

Bayan ya yi ritaya ne wani direban babbar mota ya hau benen nan ya roƙe shi ya koya masa, don ya ji labarin ana neman direbobi a can. Direba ya jawo mai gyaran firji, mai gyaran firji ya jawo ƙanen matarsa, sai ga falon Yaya ya zama aji. Ya kafa baƙin allo a bango, ya sayo kujerun roba, ya manna wata taswira da rana ta cinye launinta. Da la'asar sai ka ji benen yana amsa-amo, ƙarti da gemunsu suna maimaita magana kamar 'yan firamare. Lokacin nan Yaya ya yi ƙiba, yana sauko mini da fito a bakinsa.

Yana da hanyarsa ta koyarwa, ba ya kuma canja ta don kowa. Kullum akwai lemo guda a kan teburi. Ya ce a wannan harshen ba ka ba da abu sai ka ambaci hannun da zai karɓa, da wata 'yar ƙaramar kalma mai nufin mini ko maka ko masa ko musu, har ma in ka faɗi sunan mutumin sai ka ƙara ta. To maimakon ya cika allo da rubutu, sai ya sa lemon nan ya yi ta zagaya ɗaki. Wannan ya ba wancan ya faɗi abin da ya yi, wancan ya miƙa wa na gaba, wani ya ba da labarin wa ya ba wa. Kafin a tashi lemo ya sha hannu ya yi laushi. Sai kuma dunduniyarsa. Yaya ba ya tsawa, ba ya riƙe jan biro. In ɗalibi ya yi kuskure, dunduniya kawai yake bugawa a katako, dum, ɗalibi ya koma baya ya nemo inda ya yi tuntuɓe. Ni da nake ƙasa, a kaina ake bugawa. Har na san ranar da aka kawo sabon ɗalibi, don ranar ƙura takan zubo mini a kan zare.

Abu na uku da aka san shi da shi, shi ne maganarsa. Akwai jarrabawar harshen da ake yi a babban gari, jefi-jefi a shekara, wadda sai da takardarta ake ba mutum aiki a can. Ɗalibi ba ya zuwa sai Sinyo ya ce masa, "Je ka." Kuma ba a taɓa jin wanda ya ce wa je ka ya dawo da faɗuwa ba. Mutane suka riƙe wannan kamar hatimi.

Sai dai duk wanda ya ce wa je ka, tafiyar kenan. Direba ya tafi, mai firji ya tafi, ƙanen matarsa ya bi shi. Kowa zai zo sallama da ƙwalla a ido da agogon bango a hannu. Ban san wanda ya fara wannan ba, amma kowa agogo yake kawowa, har bangon Yaya ya koma kamar shagon mai gyara. Wasu suna tafiya, wasu batir ya mutu sun tsaya, shi kuma ba ya sauke ko ɗaya. Kujerun ma bai rage ba. Yakan ce kujerar Direba, kujerar Mai Firji, alhali masu su sun manta da launinsu. Daga baya kuma waya ta zo, matasa suka ce su a cikinta suke koyo, ba sai sun hau benen tsoho ba. Aji ya yi ta ƙanƙancewa har ya rage mutum ɗaya.

Ita ce Nas. Ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti da ke bayan kasuwa, doguwa, marar hayaniya, kullum da farin takalmi da ƙamshin maganin wanke hannu. Mijinta ya riga ta tafiya, yana aiki a can, kuma wani gidan kula da tsofaffi ya yi mata alkawarin aiki muddin ta kawo takardar jarrabawar nan. In ta tashi daga aikin safe sai ta biyo, ta leƙo shagona ta ce, "Anti, ina wuni, ya kasuwa?" sannan ta hau.

Ranar da suka iso darasin lemo, sai na ji Yaya yana ƙwala mini kira daga saman matakala. Na ɗauka wani abu ne ya same shi, na hau ina haki.

"Auta, zauna nan," in ji shi, yana nuna kujerar Direba.

"In yi me?"

"Ba komai. Ki karɓa kawai. Darasin nan ba ya yiwuwa da mutum biyu. Dole a samu mai bayarwa, da wanda ake wa magana, da wanda ake ba."

"Wato na bar shagona a buɗe don in zo in zama gunki?"

"Gunki mai hannu," ya ce. Nas ta rufe baki tana dariya.

Haka na samu aiki ba albashi. Ya miƙa mata lemo ya ce, "Dasela," wato ba ta shi, ita kuma ta miƙo mini tana faɗin wata magana, ni in karɓa in mayar. Duk Sifaniyancin da na kwasa a zaman nan kalmar nan ce guda. Wata rana da suka yi nisa da musu na ɓare lemon na shanye, Yaya ya juyo yana nemansa, ya ce tunda yake bai taɓa ganin ɗalibin da ya cinye darasi ba. Na ce ai ni ba ɗaliba ba ce, kayan aiki ce.

Yarinyar nan kanta yana ja. Ba a daɗe ba suka wuce lemo suka shiga wani abu da Yaya yake kira kuwanto mas, wanda ya ce hanyar auna abu biyu ce da suke tafiya tare, in wannan ya ƙaru wancan ya ƙaru. Iya yadda ka matse lemo, iya ruwan da zai ba ka. Iya daɗewar majinyaci a kwance, iya nauyin ƙafarsa. Daga nan suka shiga abin da ya ce shi ne babbar ƙofa. Wai a harshen nan aiki riga biyu gare shi. Akwai rigar abin da yake nan a zahiri, wanda ya faru ko yake faruwa. Akwai kuma rigar abin da ake fata, ko ake tsoro, ko ake jira bai iso ba tukuna. In ka ce "duk lokacin da ya zo muna shan shayi", riga ɗaya ce. In ka ce "ranar da zai zo za mu sha shayi", dole aikin ya canja riga, don mutumin bai zo ba, kuma ba ka da tabbas. Na ce su kam sun ɗora wa kansu wahala. Ya ce, "A'a, Auta, mutane ne da ba sa son a haɗa abin hannu da abin rai."

A wannan ƙofar Nas ta sha dunduniya. Na yi ta share ƙura a shago. Da lokacin rajistar jarrabawa ya zo ta tambaye shi, ya ce, "Saura kaɗan." Ta ce to. Aka yi jarrabawa ba ita.

Daga nan abu ya canja, ni ce kuma na fara lura, don ni ce a ƙasa. Dunduniyar ta fara ja baya. Yau sau ɗaya, gobe babu, jibi babu. Aka wayi gari zarena ya daina ƙura. Abin da nake ji ta katako hira ce kawai, muryarsa da muryarta suna kai da komo ba tsayawa, wani lokaci dariya, irin dariyar da ban ji a benen nan ba tun ɗansa yana gida. Yaya ya koma aske gemu, yana goge rigarsa tun hantsi. Kofi biyu nake ji yana wankewa. Ranar da ba darasi kuwa, takunsa kawai nake ji, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga. Na yi masa murna, ba zan ɓoye ba. Sai da rajista ta sake zagayowa, na ji da kunnena ya ce mata, "Saura kaɗan, 'yata," sannan murnata ta koma ciki.

Ban yi magana ba a lokacin. Na ce wa raina, ke da ba ki san ko harafi ba, me ya kai ki? Wataƙila akwai wani lungu a yaren da dunduniya ba ta kaiwa. Aka sake yin jarrabawa ba ita.

Wata la'asar ta sauko daga darasi ta shigo shagona, wai maɓalli take so na rigar aiki. Na zuba mata a faranti, ta yi ta juya su da yatsa ba ta zaɓa ba. Can sai na ga hawaye yana ɗiga a kan maɓallan.

"Lafiya, 'yar nan?"

"Anti, don Allah ki gaya mini gaskiya. Kaina ne ba ya ja?"

Na jawo mata kujera. Ta ce gidan tsofaffin nan sun aiko cewa ba za su riƙe mata gurbi har abada ba, in wannan karon ya wuce za su ɗauki wata. Mijinta ya fara gajeruwar magana a waya. Danginsa kuma sun fara cewa da gangan take yi, ba ta son bin sa ne. Ga shi ƙarshen wata ake rufe rajista.

"To ki je ki yi mana," na ce. "An ɗaure ki ne?"

"Malam bai ce ba. Shi ya san abin da ake tambaya, ni ban sani ba. In na je na faɗi, da wane ido zan dube shi? Mutumin da yake zama da ni har magariba, bai taɓa cewa ya gaji ba."

Wannan maganar ce ta ƙona mini rai. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, na kuma san abin da ake nufi da miji ya fara gajeruwar magana. Na lallashe ta, na ba ta maɓallan, na ce ta je gida ta huta.

Washegari da rana na ɗauki abincinsa na hau. Yana zaune a bakin taga yana goge tabarau, agogunan nan suna ta ƙas-ƙas kowanne da nasa lokacin. Na dire kwano da ƙarfi.

"Yaya, yarinyar nan ta iya ko ba ta iya ba?"

Bai ɗago ba. "Yaushe kika zama mai duba makarantu?"

"Tun ranar da ka ɗora ajinka a kaina. Rabon da in ji dunduniyarka tun kafin waccan jarrabawar. Ko ƙafar ce ta yi ciwo?"

"Harshe ba a gama shi, Auta. Akwai abubuwan da..."

"Ban tambaye ka ko ana gama shi ba. In ta je za ta ci?"

Ya sa tabarau, ya cire, ya sake gogewa. Na san Yaya, tun muna yara in aka ritsa shi abin hannunsa yake gogewa.

"Za ta ci," ya ce a hankali.

"To me kake jira?"

Ya juya ya dubi titi. Sannan ya ce, "Kin taɓa ganin mai sana'ar da iya ƙwarewarsa, iya yadda shagonsa yake zama kango? Tela in ya yi ɗinki mai kyau, mai kaya ya dawo. Ke in zarenki ya yi ƙarko, a sake zuwa. Ni in na yi aiki mai kyau, a kawo mini agogo. Ita ce ta ƙarshe, Auta. Ba wani mai hawowa bayanta. In ta tafi, da wa zan yi magana da shi? Ina jin sa yana bushewa a bakina. Rannan kalmar cokali na nema, sai da na buɗe littafi."

Tausayinsa ya kama ni. Amma ni in tausayi ya kama ni faɗa nake yi, haka Allah ya yi ni.

"Sai ka riƙe 'yar mutane ka mayar da ita rediyo? Akwai wani bawan Allah a can yana tafiya daga taga zuwa ƙofa kamar yadda kake yi, matarsa yake jira. Kai da aka kira ka dawo gida, ka bar abin da kake so, ka fi kowa sanin ciwon. Ɗanka ma ba ka riƙe shi ba, sai 'yar wani?"

"Da na riƙe shi ai da yana nan," ya ce.

Na sauko. Da yamma na tarar da kwanon a kan matakala, ko buɗe shi bai yi ba. Kwanaki muka yi ba mai ce wa wani uffan, zuru ta ci zuru. Ina jin takunsa, yana jin buɗe shagona.

Ranar darasi Nas ta zo ta hau. Ba a jima ba na ji kira, "Auta." Na hau ina tunanin lemo ne. Lemon kuwa yana kan teburi, amma bai taɓa shi ba. Ya ce in zauna in zama shaida. Sai ya jingina da kujera, ya rufe ido, ya riƙe ƙirji, ya koma wani rigimammen tsoho marar lafiya. Ya dinga zuba mata yaren da sauri yana nishi, yana mita, yana ture hannunta. Ita kuma ta durƙusa kusa da shi, tana amsawa da tattausar murya, tana tambaya, tana lallashi, har ta sa shi ya buɗe baki ta duba harshensa. Ban ji ko kalma ba, amma idona yana kan ƙafarsa. Dunduniyar nan ba ta motsa ba.

Ya gyara zama, ya mayar da tabarau.

"Je ki," ya ce. "Gobe ki yi rajista."

Ta dafe ƙirji, fuskarta ta washe. "Malam, na isa?"

"Kin isa." Da ya tsaya nan da shi kenan, da ta tafi tana sa masa albarka. Amma Yaya, duk abin da ya yi, ba maƙaryaci ba ne na asali. Ya ƙara da cewa, "Kin daɗe da isa."

Murmushin ya tsaya a fuskarta. "Tun yaushe, Malam?"

"Tun kafin wadda ta wuce."

Ta dube shi, ta dube ni, ta dubi kujerun nan da ba kowa a kansu. Na ga lokacin da ta gane, don yarinya ce mai hankali, ba ta buƙatar a yi mata dalla-dalla. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta tattara littattafanta ɗaya bayan ɗaya ta sa a jaka, ta ce, "Na gode, Malam. Sai anjima, Anti." Muka ji farin takalmin nan yana sauka har ƙasa.

Ba ta sake hawa benen ba. Yaya ya ci gaba da aske gemu da goge riga a ranakun darasi, ya zauna har magariba, sannan in ji ya wanke kofi ɗaya. Ya sayi lemo, ya bushe, ya sayi wani. Bai taɓa tambayata ko na ji labarinta ba, ni ma ban ce masa ina ganin wucewarta ta tsallaken titi ba.

Bayan wata da watanni, ina cikin jera zare da hantsi, sai ga ta a ƙofar shago da kayan gida, ba na aiki ba. Ta gaishe ni, ta ce ta ci, takardu sun fito, jibi za ta tashi. Na rungume ta, na yi mata addu'a. Na ce, "Ba za ki hau ba? Yana nan."

Ta ɗaga kai ta dubi katakon. A daidai lokacin takun ya tsaya, na san ya ji muryarta.

"Anti, in na hau zan yi kuka, kuma ban san kukan me zan yi ba. Ki ce masa na ci. Ki ce masa duk abin da aka tambaya ya koya mini." Ta buɗe jaka ta ciro lemo guda, babba, ta sa mini a hannu. Ta ɗan yi murmushi ta ce, "Dasela." Wato in ba shi.

Na rufe shago da rana tsaka, abin da ban saba ba, na hau da gwiwata tana ƙara. Yana tsaye a tsakiyar ɗaki. Na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni, na miƙa masa lemon. Ya juya shi a hannu, ya dubi bango.

"Ba agogo," ya ce.

"Babu."

"Ta kyauta." Ya ajiye shi a kan teburi, ya zauna, ya cire tabarau. Ban taɓa ganin ya tsufa kamar ranar ba.

Na tsaya a bakin ƙofa, hannuna a kan mariƙi. Na tuna shagon da zan koma, da katakon da zan zauna a ƙarƙashinsa, ba dariya, ba dunduniya, sai taku daga taga zuwa ƙofa. Ni ma ai ba wanda yake leƙo ni. Shekarun nan duk hayaniyar ajinsa ce take taya ni zama. Sai na saki ƙofar, na jawo kujerar Direba na zauna, na gyara mayafi.

"To, Malam, daga ina ake farawa?"

Ya dube ni ta gefen ido. "Auta, kar ki yi mini wasa yau."

"Wa yake wasa? Ga ni, ga lemo."

"Ke da kika shekara a kujerar nan kika fita da kalma ɗaya? Kanki kamar dutsen niƙa. Ke ba za ki taɓa iyawa ba."

"Shi ya sa na zo," na ce.

Ya mayar da tabarau, ya miƙa hannu ya ɗauki lemon, ya ɗaga shi daidai fuskata, ya faɗi sunansa a hankali, ya ce in maimaita. Na buɗe baki na faɗa yadda kunnena ya ji. Dunduniyarsa ta sauka a katako, dum. A ƙasa ba kowa a shagon da zai ji.